Abin da Hure Ta Gani a Ƙundun Kaza

A Bagega kowa ya san Hure da bin diddigi. Tun tana yarinya, in an yanka kaza ita ke neman ƙundu, ta tsaga shi ta baje abin da ke ciki don ta ga abin da kazar ta ci. Innarta ta yi faɗa har ta gaji ta ƙyale ta.

Ta riga ta yi jikoki lokacin da ƙanenta Sa'idu ya kawo mata kajin gidan gona daga Gummi, tare da buhun abincin masu ƙwai. Ƙwan farko na kowace safiya na Rufaida ne, jikarta 'yar shekara huɗu, wadda ke tsaye bakin akurki tun kafin ta wanke ido.

Da buhun ya ƙare, Hure ta ce kaza ai kaza ce. Ta ba su dusa, ta sake su kiwo kamar kajin Hausa. Ba a jima ba ƙwai ya fara zuwa da laushin ɓawo, yatsa na taɓa shi ya lotsa. Kajin kuma kullum sai su bar dusa su tsallake danga. Abin ya tsaya mata a rai: me suke nema a waje?

Ta sa aka yanka guda, ta tsaga ƙundun. Tsakuwa ce cike, amma ba irin ta tsakar gidanta ba: mai toka-toka ce, da ɗan ƙyalli. Hure ta san ta. Ɓarɓashin dutsen zinari ne, daga wani kango inda ake niƙa a ɓoye. Ƙurar irin wannan dutsen ce ta raba ta da ɗanta Salim a shekarun gubar dalma. Tsoro ya kama ta.

Malamin dabbobi a Anka ya ce da dusa kaɗai kaza ba ta samun abin gina ɓawo, shi ya sa take tsince duk dutsen da ta samu. Hure ta kai Rufaida awon jini don tsoron dalma ta biyo ƙwan da take ci, ta rabu da kajin ba tare da kowa ya ci ba. Sababbin da ta kawo ba su taɓa taka ƙasa ba. Ga abincin buhu, ga ƙashin da take karɓowa wajen Makau mahauci ta ƙona ta daka musu.

Watanni Rufaida na fushin rashin ƙwanta na safe, tana cewa kakarta ta koma marowaciya. Ran da sabuwar kaza ta yi ƙwai, Hure ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ji tauri. Ta dafa, ta ɓare, amma ta daɗe riƙe da shi.

"Inna, mi kike dubawa?"

"Ba komi, ɗiyata. Wanga na san abin da uwatai ta ci."

Ta miƙa mata, ta zauna tana kallo har ta haɗiye.