Goggo Halo da Akwati Mai Rami Biyu

Goggo Halo yayar mahaifina ce. Sunan kuwa tun kafin a haife ni yaran gidansu suka liƙa mata shi, saboda aikinta a ɗakin haɗa waya na wata babbar ma'aikata, inda ta yi shekara talatin da ɗaya tana cewa halo daga safe har yamma. Ni kuma Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Wanda bai riski zamanin ba sai an yi masa bayani. Wani allo ne a tsaye gabanta, cike da ramuka, kowane rami ofishi ɗaya. Fitila ta kama, sai ta ɗauki waya mai kai biyu, ta soka kai ɗaya a ramin mai kira, ta tambaye shi wa yake nema, ta soka ɗayan a ramin wancan. Dokokin aikin biyu ne, kuma mun ji su har mun haddace: ba a sa baki a zancen mutane, sannan layin da ba kowa a kai ba a barinsa a haɗe, ana gama magana a zare. A gindin teburin akwai ramin hedifon guda biyu, wato abin sauraron da ake sawa a kunne. Idan aka kawo sabuwar ma'aikaciya, sai ta zauna a hagun tsohuwar hannu, ta soka nata hedifon a rami na biyu, ta yi wata guda tana sauraro ba ta taɓa komai ba. Haka Goggo ta koya, haka ita ma ta koya wa 'yan mata goma sha tara. Har yau tana iya jero su ɗaya bayan ɗaya, da wadda take cin farce da wadda take gyangyaɗi.

Daga baya aka kawo na'urar da ke haɗa kira da kanta, aka cire allon, aka mayar da ɗakin wurin ajiye takardu. Ta yi ritaya, mijinta ya rasu, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Ta rage ita kaɗai a ɗaki biyu a hawa na uku, da kujera biyu, da wayar tebur da ta lulluɓe da ƙyalle don kada ta yi ƙura. Abin haushin shi ne dokar aikin ta bi ta har gida. Goggo ba ta kiran kowa. In ka yi mata ƙorafi sai ta ce ba ta son ta katse wa mutane harkarsu. Mu kuma, Allah Ya yafe mana, muka samu abin da muke so. Ni malamar makaranta ce, ga yara huɗu, ga miji, kullum sai in ce gobe zan leƙa ta, goben nan sai ta yi wata biyu ba ta zo ba.

Wata rana na je na tarar da rediyonta a kunne tsakanin tasha da tasha, yana ta shuuu. Na kai hannu zan gyara, ta ce in bar shi. Masu labarai, in ji ta, surutu suke ba sa jiran amsa, ita dai so take ɗakin ya daina shiru. Na gane a ranar cewa kaɗaici na cin matar nan, kuma abin kunya, na gane amma na koma gida na ci gaba da harkata.

Tunda ba ta kiran kowa, da wayata ta yi ƙara wata Talata na ga lambarta, sai na ɗaga da sauri. Na ɗauka faɗuwa ta yi a matakala. Ashe wai shago take so in kai ta. A hanyarta ta dawowa daga wurin likitan ido ta ga wani abu ta gilashin wani shagon kayan kiɗa, allo mai ramuka da wayoyi a soke, ta tsaya kallo har mai gadi ya zo ya tambaye ta ko lafiya. Sau uku tana komawa ba ta shiga ba. Na ce Goggo, ke da kiɗa kuma, a waɗannan shekarun? Ta ce in ba ni da lokaci ba komai. Wannan ba komai ɗin ne ya sa na ɗauki makullin mota.

Shagon siriri ne, an matse shi tsakanin mai sayar da tabarau da wani wurin buga takardu. Daga ƙofa jita ce a rataye jere, sai can ciki wani tebur mai ƙananan akwatuna uku, da wani babban allo a jikin bango yana ta ƙunƙuni a hankali. Mai shagon dogo ne mai furfura a gemu. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaya ko jikanta za ta saya wa.

"Ni ce jikar," in ji Goggo, ta ja kujera ta zauna.

Ya yi dariya ya fara bayani. Masu abin suna ce masa modula. Ba waƙa a cikinsa, ba komai a cikinsa sai abin da ka haɗa. Gunduwa-gunduwa ne a jere, kowace da aikinta: wannan ita ke haifar da sautin, wannan ta tace shi, wannan ta buɗe masa ta rufe, wannan ta riƙa girgiza shi. Kuma ko ɗaya ba ta motsawa sai an ɗauki waya daga ramin fita an kai ramin shiga. Ya ce mai farawa ya ɗauki ƙaramin akwati, gunduwa kaɗan, ya bar fili don ƙari nan gaba. Shi kuma a shagonsa ba ya sayar wa kowa sai ya zauna ya gwada na awa guda aƙalla, don ya gaji da mutanen da ke saye da zumuɗi su dawo da shi bayan sati.

Goggo ta ɗauki waya ɗaya ta juya ta a hannu, ta ce ta cika siranta, kan ma ƙarami ne, nasu na da sai ka ji ka riƙe abu. Amma fa ta soka ta ba tare da ta duba ba. Matar da ba ta iya zura zare a allura, wadda sai na karanta mata rubutun jikin kwalbar magani, yatsunta ba su kuskure rami ko sau ɗaya ba.

Sai wani ya shigo neman tsirkiyar jita, mai shago ya tafi ya saurare shi, ni kuma na duƙufa a wayata ina amsa saƙon shugabar makaranta. Ban ankara ba sai na ji shagon ya yi tsit. Na ɗaga kai na ga Goggo a gaban babban allon nan, ta zare duk wayoyin da ke jikinsa, ta jera su a hannunta dogaye gefe, gajeru gefe. Ta duba ta ga ba mai sauraro, ga hedifon a yashe, to me ya rage in ba a zare layin ba? Mai shago ya dawo ya ɗora hannu biyu a ka. Kwana tara ya yi yana haɗa wannan sautin, kuma abin nan ba ya ajiye komai, in ka zare ya tafi ke nan. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba shi haƙuri, ina hararar Goggo kamar ɗalibata.

Ita ma ta ba shi haƙuri, sau ɗaya. Sannan ta rufe ido jim kaɗan, ta buɗe, ta fara mayar da wayoyin. Ja daga sama zuwa rami na huɗu, rawaya daga can zuwa nan, baƙa gajera tsakanin maƙwabtan ramuka biyu. Cikin ashirin da takwas ta mayar da ashirin da shida. Biyun da suka rage ta miƙa masa, ta ce kofin shayinsa ne ya tare mata wurin, ba ta ga inda suka fito ba. Sautin ya dawo, sai dai yana ɗan ɗingishi. Mai shago ya tsaya ya saurara, ya ce a bar shi haka, ya fi nasa. Daga nan ya daina ce mata Mama, ya koma Malama.

Aka dawo kan akwatunan uku. Na tsakiya ta ture shi tun farko, ta ce ba za ta iya hawa bene da shi ba. Na farko shi mai shago ya fi yaba wa: sabo ne, gunduwa shida, sautinsa garau. Na ƙarshe tsohon hannu ne, gunduwa huɗu, maɓallinsa ɗaya ma yana rawa. Sifika kuwa ta ce ba ta so, bangonsu ba kauri, maƙwabciyarta kuma tana da jariri. Ta sa hedifon ta zauna gaban na farkon. Ta haɗa, ta murɗa, ta zare, ta sake. Ta ɓata fuska da abin ya yi mata ƙara a kunne, ta yi tsaki da ya yi kukan akuya. Ni ina ta duba agogo, don ƙarfe biyu ake tashin 'yar autata.

Can sai na ga hannunta ya tsaya a kan maɓalli. Ta daina motsi gaba ɗaya. Na ga leɓenta ya ce halo, a hankali, ba da kowa ba.

"Uwata, zo ki ji."

Ta cire hedifon ta sa mini. Ba waƙa ba ce. Wani gurnani ne mai laushi, a ƙasa-ƙasa, yana ɗan numfashi. Ta ce haka layi yake yi in an haɗa shi, wancan bai ɗauka ba tukuna amma zai ɗauka. Tana magana tana kallon fuskata, tana so ta murɗa mini in ji yadda yake canzawa, amma ba ta jin abin da take murɗawa tunda hedifon na kaina. Ta karɓa ta gyara, ta mayar mini, ta sake karɓa. Sai na ga ta zura yatsa tana lalube a gindin akwatin, gaba da baya. Ramin hedifon ɗaya ne. Ta matsa ga tsohon akwatin nan ta laluba. Biyu ne, kusa da juna.

Ta ce wannan za ta ɗauka. Mai shago ya yi iya gaskiyarsa. Ya ce na farkon ya fi shi ta kowace fuska, kuma akwai ɗan ƙaramin abu da ake sokawa ya raba rami ɗaya gida biyu. Ta ce abin da aka maƙala daga baya shi ke fara ɓata, ita mai rami biyu na asali take so, kuma a ba ta hedifon biyu. Ni kuwa ga yunwa, ga lokaci ya tafi, bakina ya riga hankalina.

"Goggo, ke kaɗai ce fa a gidan. Me za ki yi da rami biyu?"

Mai shago ya sunkuyar da kai ya kama naɗe waya. Goggo ba ta yi fushi ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Na sani, Uwata," ta ce. "Haka dai na saba."

Na kai ta gida, na hau mata da akwatin, na ɗora a teburin da ke kusa da taga, na ce zan dawo ƙarshen mako ta koya mini. Ta ce to. Ƙarshen mako jarrabawa ta zo, na bayansa mijina ya yi baƙi, sai zazzaɓin yara. Ita kuma ba ta kira ba, kamar yadda na san ba za ta kira ba.

Sai bayan sati bakwai na je, da rana, na ajiye mota a inda bai kamata ba don na ce minti goma zan yi. Na tarar rediyon a kashe. Tana zaune gaban akwatin da hedifon a kai, ba ta ji shigowata ba. Wayoyin da ba ta amfani da su suna rataye a bayan ƙofa, dogaye gefe, gajeru gefe. Kujera ta biyu ta jawo ta zuwa hagunta. A kan kujerar ga hedifon na biyu, ko ledar kunnensa ba a cire ba, wayarsa a soke a rami na biyu, sauti yana fita ta cikinsa siriri.

Ta gan ni ta yi murna, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce uffan game da sati bakwai ba. Kunya ta hana ni kallonta, sai na nemi abin tsokana. Na nuna hedifon ɗin na ce a'a, Goggo, yau kuma ke ce da barin layin da ba kowa a kai a haɗe?

Ta dubi kujerar, ta share ƙurar hannun kujerar da gefen zane.

"Sauran duk ina zarewa in na gama," ta ce. "Wannan ne dai tun ranar ban zare ba."

Na ajiye makullin motar a ƙasa, na ɓare ledar, na zauna a hagunta.