Magagarin Arzika da Injin Ɗansa

Shekara tara ke nan da muka kai wana Arzika makwancinsa a Kore Mairuwa. Ban yi niyyar cewa komi ba bana ma, don ni ba mutumin alƙalami ba ne. Ƙarar wani inji ce ta hana ni yin shiru.

Arzika maƙeri ne, amma da harsashi aka fi saninsa, ba da hauya ba. Mahalbi in ya halba, sai ya tsince kwanson tagullar ya kawo mishi ya sake cikawa. Bakin kwanso kan ƙara tsawo bayan halbi, dole a rage shi kafin ya koma bindiga lafiya. Shi da magagari yake ragewa, da hannu, yana gogawa yana ɗagawa sama yana dubawa. Kwanso kaɗan sai su cinye mishi wuni. Kuma ba a bar mishi aiki a tafi kasuwa. Mai kwanso zai zauna nan gabansa har a gama.

Mutane sun sha ƙorafin nawarsa. Shi kuwa yana guga yana tambaya. Ɗan wa ne kai, ina ka samu zabin, wa ya ci naman, ya kuka ƙare da maƙwabcinka na gona. Da wuya mutum ya riƙe ƙarya daga hantsi har la'asar. Na tuna wani da ya zo daga wajen Kiéché, wai dila ta dami awakinsa. Kafin azahar ya manta da dila, sai zancen ƙanensa da gonar gado yake ta yi. Arzika ya tattara kwanson ya zuba mishi a hannu, ya ce, "Magagarina ya dakushe, malam. Sai wata rana." Mutumin ya tafi yana zagi. Ƙanen nasa har yau yana kawo gero kasuwa.

Yanzu maƙerar tana hannun Nomau, ɗan Arzika, shi kaɗai ne namijin da ya bari. Bara ya sayo inji daga tsallaken iyaka, mai aiki da batir. Ka sa bakin kwanso, ya yi ƙugi, an gama. Samari har kallo suke zuwa. Ban ce yaron banza ne ba. Ba ya shan komi, ba ya fashin salla, shi ke riƙe da uwarsa.

Masu kawo mishi aiki ne ban gane musu ba. Suna zuwa kan moto mai ƙafa biyu, ba su kashe ta, rawani har hanci. Su miƙa buhu, su juya. Ni a bakin maƙerar nan na tsufa, na san kwanson mahalba. Waɗannan ba su ba ne. Iri ɗaya ne duka, gajeru, wasu da rairayi a ciki kamar daga ƙasa aka kwashe su. Duk zabin Arewa ba su kai yawan abin da ke cikin buhu ɗaya ba.

Na ce, "Nomau, su wa ne waɗannan?"

Ya ce, "Baba, masu tsaron gari ne. Shanunsu ake korewa. Su zauna a yanka su?"

"Wane gari?"

"Ban tambaya ba. Ni ba jandarma ba ne."

Mai yiwuwa gaskiyarsa. Na san makiyayan da aka kwashe wa garke kaf, mutanen kirki, waɗanda Arzika ya yi wa aiki shekara da shekaru. To amma wanda ya kore shanun, in ya zo da buhunsa, mi zai ce in ba wannan maganar ba? Ranar da abin ya fashe, jandarmomi ba za su bi moto cikin daji ba. Nomau za su ɗauka. In kuwa ba a kama shi ba, akwai ranar da za a tambaye shi jinin wanda bai taɓa gani ba.

Ban kai ƙara ba, ɗan wana ne. Sai na fara zama a ƙofar maƙerar. Duk wanda ya tsaya, in ja gaisuwa, in tambayi gida, in tambayi gari, in tambayi sunan mai garin. Wasu sukan kashe moto su sha ruwa su faɗa mini, har mu tarar na san ubansu. Wasu ba su sake dawowa ba.

Nomau ya ce, "Baba, kana kore mini mutane."

Na ce, "Gaishe su kawai nake yi."

Makon jiya wani ya amsa mini gaisuwa fiye da yadda na so. Ya kira ni da sunana, ya tambayi gonata ta can cikin daji, wadda nake zuwa ni kaɗai da jaki. Yana murmushi ya ce gonar ta yi nisa ga dattijo kamata. Ban taɓa ganinsa ba.

Nakan tambayi kaina mi Arzika zai yi da injin nan. Ba na jin zai fasa shi. Zai dai ce a zauna, a ga wanda ke iya zama. Kayan aikinsa sun yi tsatsa, mahalbansa galibi sun bi shi. Abin da ya rage nasa shi ne wannan hali na ƙin yi wa mutum aiki sai an san shi, kuma ɗansa bai ɗauka ba, ya faɗo kaina ina tsufa ina tsoro.

Na gaya wa iyalina bana ba za mu shuka waccan gonar ba. Gero ko yaya ne za a samu. Ranar kasuwa mai zuwa kuwa, in Allah ya kai rai, a ƙofar Nomau za a tarar da ni. Allah ya jiƙan Arzika.