Tsattsewar shagon awara

Kuwabara shekararsa sittin da ɗaya, aikinsa jera kekunan mutane a rumfar tashar jirgin ƙasa, a wani ƙaramin gari kusa da Gifu a ƙasar Japan. Yini yake yana "a dawo lafiya", amma hira ta gaske sai ya yi mako bai yi ba. Matarsa ta rasu, ɗansa yana Osaka, waya kuwa sai an ga dama.

Da sanyi ya kau, Afrilu ya kama, biyar na yi zai rataya madubin hangen nesa ya nufi shagon Hosoda mai awara. Tsattsewa na yin sheƙa a ƙarƙashin rufin shagon, Hosoda ta rataya tsohuwar lema a birkice don kashinsu kada ya kori masu ciniki. Tsallaken titi akwai benci. Nan wata mata mai hular saƙa take zama, shi kuma ya zauna a ɗaya ƙarshen.

Shekara shida ke nan. Su rusuna wa juna, ta ce, "Bana sun yi sammako." Ya ce, "Ƙwai huɗu, ina jin." Wani lokaci ta miƙo masa shayi a murfin gorarta. In 'ya'yan sun tashi, sai kuma baɗi. Ko sunanta bai sani ba. A al'adar ƙasarsu tambayar mutum suna haka kawai shisshigi ne, in kuma an daɗe ana gaisawa, kunyar ta ninka. Duk sanyin nan ya yi ta bitar maganar a ɗakinsa shi kaɗai kamar ɗan makaranta: bana zai faɗi sunansa, ya tambayi nata.

Tsattsewa suka dawo, ita ba ta zo ba. Kwana tara yana zama a ƙarshen bencin, ya bar mata wurinta. Ran na goma ya tsallaka ya sayi awara guda, ya yi ta jujjuya ta a hannu.

"Malam mai kekuna, awarar ba ta magana," in ji Hosoda. "Tambayi abin da ya kawo ka."

"Matar nan mai hula. Lafiya dai?"

"Au, sai yau? Ƙafa ce ta matsa mata, ɗanta ya kwashe ta zuwa wajensa, can arewa. Ranar tafiyar ta sa ya tsaya nan da mota, kaya har rufi. Wajen ƙarfe huɗu ne. Na ce sai biyar kake tashi, ɗan ya ce hanya da nisa."

Tsattsewa ɗaya ta shigo da laka a baki, Kuwabara bai ko ɗaga kai ba.

"Wane gari?"

"Ina na sani? Ni ma irinku ce, ban tambaya ba." Hosoda ta goge hannu a jikin rigarta, muryarta ta sauka. "Ita dai ta fi mu zuciya. Ta fito da biro da takarda, wai in ba ta sunanka da inda kake, tana son ka riƙa rubuta mata ranar da tsuntsayen suka iso. Shekara ashirin kana sayen awarata, na tsaya ina kallonta, ba abin da zan ce ta rubuta."