Haƙoran Mista Cammish Kafin Ƙarshen Maris

Kwalaben madara ne suka fara tsegunta wa Glenda Wray. Shekara goma sha tara kwalba ɗaya ce a firjin asibitin haƙorin, Dokta Ainsley da Dokta Sethi suna zubawa a shayi, wanda ya ƙarar ya sayo. Wata Litinin ta buɗe ta tarar da biyu, kowace da harafi a murfinta. Masu jinya sun buɗe firjin ya fi sau goma a ranar, ba wadda ta lura. Glenda ta rufe, ta koma teburinta na karɓar marasa lafiya, tana cewa a ranta ruwa ba ya tsami banza.

Dama haka take. Tun tana 'yar shekara sha shida tana gyaran kifi a masana'antar bakin teku ta iya karanta mutane ba tare da tambaya ba. Da aka rufe masana'antar ta dawo wannan tebur, sai ta san garin duka ta baki: wanda yake tauna da gefe ɗaya, da wadda ta daina dariya a hoto. Ba ta gulma. Son sani ne kawai, kuma abin da ta sani a cikinta yake kwana.

Bayan mako uku takarda ta zo. Likitocin sun raba gari. Kwangilar duba mutane a tsarin lafiya na gwamnati kuwa da su biyun aka ƙulla ta, a matsayin abokan tarayya. Tunda tarayya ta watse, hukuma ta ce kwangila za ta ƙare ran talatin da ɗaya ga Maris. Daga ranar, mai ciwon haƙori ko dai ya biya daga aljihunsa, ko ya shiga layin wani gari mai nisan mil arba'in, inda ake shekara biyu ana jira.

Mutum dubu uku ne a jerin, amma Wilf Cammish ta fara tunawa. Tsohon masunci ne, shi ne mai babbar murya a ƙungiyar waƙa ta masunta. Tun da aka cire masa sauran haƙoran sama ya daina zuwa. Mutane suka ce ƙirji ne. Glenda kuwa ta gan shi a shagon burodi yana nuna mai laushi da yatsa, don kada ya buɗe baki.

Haƙoran roba zuwa huɗu suke ci, kuma tsakanin kowane zuwa sai mota ta kai aikin wurin mai ƙira ta dawo da shi bayan mako biyu. Wilf ya yi zuwa biyu. Sauran biyun wata guda suke bukata, ga shi kwana goma sha takwas suka rage. Fanshonsa ba zai sayi ko na gaba guda biyu ba.

Ta tare shi a bakin ƙofar asibitin, ya naɗe gyale har hanci.

"Bar shi kawai, yarinya," in ji shi. "Romo ma abinci ne."

"Mista Cammish, yarinyar nan jikokinta uku."

"Ni dai na san ki kina ƙarnin kifi."

"Ni kuma na san ka da haƙora. Laraba mai zuwa, ƙarfe goma. Kada ka sa in zo har gida."

Ranar hutunta ta sa awon bakinsa a jakar cefane, ta hau bas biyu zuwa wurin mai ƙirar. Shekara da shekaru tana aika akwatuna can, ba ta taɓa ganin wurin ba. Ashe ɗaki ne ƙarami a bayan wani gareji, da mutum ɗaya mai suna Denzil, fari fat da ƙurar farar ƙasa. A kan kantoci ga siffofin bakunan mutane na farar ƙasa an zuba su a jere, ba leɓe ba fuska. Ta tsaya tana kallo har ta manta abin da ya kawo ta.

"Wannan na Misis Pashby ne," ta ce.

Denzil ya juya shi ya duba lamba. "Ya aka yi kika sani?"

"Wushiryar. Wancan kuma na mai kai wasiƙa ne, yana cizon biro."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce in za ta riƙa kawowa tana ɗauka da kanta, kwana biyar ya ishe shi.

Sau huɗu ta yi wannan tafiya. An gwada masa haƙoran gwaji na kakin zuma ranar Laraba, na gasken ya iso ran talatin ga wata. Sai dai littafin Dokta Ainsley, likitan Wilf, ya cika maƙil a ranar ƙarshe, kowa yana rububi. Gurbi ɗaya ne Glenda take da iko da shi: nata, ƙarfe uku, wurin Dokta Sethi, saboda turmin haƙorinta na dama da ya daɗe yana mata zogi. Tun rikicin kuwa ba likitan da ya taɓa majinyacin ɗan'uwansa.

Ta goge sunanta ta rubuta na Wilf.

Dokta Sethi ta fito da takardar jerin majinyatanta a hannu. "Glenda, wannan ba nawa ba ne."

"Gurbin nawa ne, Dokta. Na ba shi."

"Haƙorinki fa? Gobe sai dai ki biya."

"Mun saba da juna, ni da shi."

"Ainsley ya sani?"

"Ƙofarsa taku shida ce daga nan."

 Dokta Sethi ta taka zuwa ƙofar Ainsley ta ƙwanƙwasa, ta shiga ta ja ƙofa. Glenda ta kasa kunne iyakar iyawarta, injin tsotse yawu ya hana ta jin komai. Har yau ba ta san abin da ya raba su ba, kuma yana ci mata tuwo a ƙwarya. Bayan minti huɗu Dokta Sethi ta fito riƙe da fayil ɗin Wilf.

Ƙarfe huɗu saura kwata ya fito, gyalen a aljihu.

"Kamar na haɗiye faranti," ya ce, kowace kalma da ɗan fito a cikinta.

"Kwana uku za ka saba. Yau ka karanta jarida da ƙarfi."

"Matata za ta kore ni." Ya shafa haɓa. "Alhamis muna gwajin waƙa. Ki zo, amma ki zauna a baya, kar haƙoran su yi tsalle su same ki."

Ya fita yana gaida mutanen da bai ma sani ba.

Glenda ta ƙarasa sa wasiƙun sanarwar ƙarewar kwangila a ambulan, sauran ɗari biyu da suka rage. Sannan ta dafa shayi, ta tsiyaye ragowar madarar kwalaben biyu a kofinta, ta wanke su ta kife. Ta zauna ta sha a hankali, ta gefen hagu.