Ramin da na haƙa bakin gonar Nomau

Har yau ranar da muka kori ɗango a gindin dutsen Karofane ba ta fita raina ba. Damina ce, gero ya fara fitar da kai, shekaru kaɗan kafin babban yaƙin Turawa. Ni ne shef, wato shugaban masu aikin kashe fara a yankin Bouza. Kumandan, Baturen mulki, yana Madaoua, shi ke ba da oda, gardi, wato dogarin gwamnati, ya kawo mini ita, ni kuma in karɓi mutane daga hannun masu gari in sa su aiki.

Ga waɗanda ba su tarar da aikin ba, ɗango shi ne 'ya'yan fara kafin su yi fiffike. Hanya biyu muke kashe shi. Ko a kewaye inda ya kwana da busasshen kara a cinna wuta da sanyin safiya, kafin jikinsa ya saki, ko a haƙa dogon rami a koro shi da rassa da zannuwa ya zuba ciki a rufe. Wuta ta fi sauri. Rami yana cin yini, kuma in an yi sake ɗangon ya ɓalle ya shiga gonaki.

Ranar nan ya kwana cikin wani kwari ƙarami a gindin dutse. Mun jera kara, ina shirin ba da izinin wuta, sai ga Kuluwa, tsohuwar ungozomar garin, ta zo ta zauna a kan karan.

Na ce, "Inna, tashi, aikin gwamnati ne."

Ta ce, "Gwamnatinka ta duba abin da za ta ƙone?"

Ta nuna mini wata 'yar ciyawa tsakanin duwatsu, mai fure shuɗi kamar an tsoma shi a baba. Da ita kakanninta ke jiƙa wa matan da jini ya ƙi tsaya musu bayan haihuwa. Da tana nan a kwaruruka da dama har wajen Tama, amma shekarar yunwa awaki suka cinye ta, nan kaɗai ta rage. Kuma ba ta riga ta zubar da iri ba.

"In ka hura wutag ga, ɗana, ta ƙare ke nan. Matarka ma ni zan karɓi haihuwatta."

Gardin da ke tare da ni, Abdu, ya yi dariya. "Shef, tsohuwa za ta ba ka oda yanzu? In hatsi ya tahi, kai za a ɗaure a Madaoua, ba ita ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma matata tana da tsohon ciki. Na ce a kwashe kara, rami za mu yi.

A nan laifina yake. Kwarin yana da mafita biyu. Ta gabas ƙasa ce mai taushi, tana kallon gonar maigari. Ta yamma tsakuwa ce, tana kallon gonar Nomau, talaka mai iyali da yawa. Kowane ma'aikaci ya san ta gabas ya kamata a haƙa. Ni kuwa na lissafa wanda zai iya kai ƙarata in abu ya ɓaci, na ce a haƙa ta yamma.

Nomau yana cikin masu haƙar. Ya dafa hauyarsa ya ce, "Shef, ƙasan nan ba ta nitsa."

Na daka masa tsawa, ya sunkuya ya ci gaba.

Rana ta ɗaga ramin bai kai gwiwa ba, ɗango kuwa ya fara motsi. Muka shiga kwarin a jere muna kaɗa zannuwa, Kuluwa tana gaba tana nuna mana inda ba za mu taka ba. Ina korar ina duban ramin. Na farko suka zuba, muka rufe su da ƙasa. Na baya suka tarar ramin ya cika, suka bi ta kan 'yan'uwansu suka haye. Kafin la'asar fiye da rabin geron Nomau ya zama sanda.

Furen ya tsira, ya zubar da iri da kaka. Gonar maigari ko ganye ba a taɓa ba, shi ya sa babu wanda ya kai magana Madaoua, har yabo na samu. Nomau bai zage ni ba. Da aka yi girbi ya bar iyalinsa wurin wansa, ya tafi cin rani kudu. Na kai wa gidan damin gero daga rumbuna, matarsa ta karɓa ta ce, "An gode, shef," ba ta dube ni ba.

Ku da kuke tsaron daji yanzu, ban ce kada ku ceci tsiro ba. Da za a maido ni ranar, ba zan cinna wutar ba. Amma duk abin da aka tsare a aikin nan, akwai wanda yake biya, kuma mai ba da oda ne ke zaɓensa. Ni na zaɓi wanda ba shi da bakin kai ƙara. Allah ya yafe mini.