Juma'ar da Na Saukar da Yaya Ilu

Juma'ar ƙarshe ce kafin shuka, a shekarar da aka sa wa masallacin garinmu rufin kwano, ina ɗan shekara goma sha uku. Bayan an sauko daga masallaci muka hauro daga cikin gulbi zuwa filin lakwal, wato makarantar boko, mu yaran Unguwar Majema, ƙafa ba takalmi, unguwa duka tana bayanmu. Mata suna kiɗan ƙwarya, tsofaffin da ba su san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba sun ɗauko buzayensu sun biyo mu. Hadari ya haɗu a gabas amma bai zubo ba, sai zafi. Da na ɗaga kai na dubi ɗaya gefen filin, sai na hangi wanda zai tsare gidan abokan karawarmu yana shafa toka a tafin hannunsa. Yayana ne Ilu, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai dube ni ba, ni ma ban ƙara dubansa ba.

Abin da ya tono mini wannan rana wani Bature ne a nan Riyad. Ina aiki a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, ina tuƙa motar ɗaga kaya, na daɗe har bayana ya fara ba ni labari. Akwai wani injiniya ɗan Ostireliya da ke zuwa duba injinan sanyi, mutumin kirki, Larabcinsa gurgu irin nawa, da shi muke fahimtar juna. Lokacin cin abinci yakan zauna kan katakon kaya yana kallon wasan ƙasarsu a waya. Wani irin wasa ne, ƙwallon kamar ƙwai, filin ma kamar ƙwai, a kama da hannu a buga da ƙafa, ƙarti suna hawa bayan juna kamar raguna. Rannan na same shi ya ɓata rai, ya ce ƙungiyarsu ce ta ƙarshe a bana. Na yi masa jaje yadda ake yi, na ce halas, sun sauka ke nan. Ya yi dariya ya ce su a can ba a sauka. Na ƙarshe yana nan baɗi tare da na farko, har ma shi ake fara ba zaɓi cikin sababbin samarin da suka taso. Ya ce mutanensu suna ta gardama ko a kawo hawa da sauka irin na sauran duniya, ya tambaye ni yaya na gani. Shinkafar da ke gabana ban ƙarasa ta ba.

A garinmu, can ƙasar Maraɗi, fili biyu ne. Na sama shi ne na lakwal, ƙasa mai tauri, turakun ƙarfe, ga inuwar dogon yaro ta masu kallo. Na ƙasa kuwa cikin gulbi ne in ya ƙafe, rairayi har idon sawu, turakun azara da muke ɗauka a kafaɗa mu kafa mu cire. Kana cikin gudu sai jakin masu ɗebo ruwa ya ratsa tsakiya, a tsaya sai ya wuce. In damina ta sauka ruwa ya ƙwace filinsa. Wani malamin lakwal, Mushe Abdu, shi ya kawo dokar, wai a rediyo ya ji haka ake yi a ƙasashen Turawa: unguwannin da suka fi iyawa su yi wasa a sama, sauran a gulbi, Juma'ar ƙarshe kafin shuka kuma na kashin bayan sama ya kara da zakaran gulbi. Wanda ya ci shi ke da filin lakwal, wanda aka ci ya saɓi azara ya gangara. Ba mu san takarda ba, ba mu san kofi ba, amma wannan doka ko liman bai isa ya taɓa ta ba.

Yadda aka yi ni da yayana muka zama a unguwa biyu, riƙo ne. Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, ba ta taɓa haihuwa ba, tana aure a Majema. Ana yaye ni aka miƙa mata. Can na tashi cikin warin jima, wanda in ka saba da shi ba ka ji sai baƙo ya toshe hanci. Da safe in daka bagaruwa a turmi har tafin hannuna ya yi kanta, in ɗebo ruwa in cika kwatarniya, in taya mijinta Baba Ɗan'azumi kankare gashi a jikin fata, da rana mu shanya, da yamma mu kwashe kafin karnuka su riga mu. Yaran sama suna kiranmu masu wari, in muka zo kallo sai su matsa. Amma ƙwallon da muke ɗinkawa da guntun fatar akuya mu cusa tsumma, har su sukan aiko a ɓoye a yi musu. Kuma rairayi ya ba mu abin da ba su da shi, ƙwauri kamar na jaki, don wanda ya saba gudu a gulbi in ya taka ƙasa mai tauri ji yake kamar an kwance shi.

Ilu yana gidanmu a Unguwar Maƙera, ya girme ni da shekara huɗu. Tun yana ƙarami yake kan zuga-zugi, hannunsa ya saba da wuta da ƙarfe, ƙwallo in ta faɗa ciki ba ta fita. Ban taɓa ganin gola kamarsa ba, kuma na ga na talabijin da yawa tun daga nan. Ranar kasuwa yakan gangaro gulbi da ƙuli-ƙuli a aljihu, ya tsaya tsakanin azara biyu ya ce in buga. In buga ya kama, in buga ya kama, har in yi kuka. Wata rana ya gaji da kukana ya nuna mini gwiwarsa ta hagu, inda ƙarfe mai zafi ya taɓa faɗo masa, fatar ta tattare. Ya ce, "Nan ba ta lanƙwasuwa da sauri. Ka buga ƙasa-ƙasa ta nan, za ka ci ni. Amma kada ka gaya wa kowa." Ban gaya wa kowa ba.

Akwai wani mutum da ke zuwa daga Maraɗi a kan babur kowace shekara bayan girbi, ya zauna a inuwar dogon yaro ya kalli wasan filin sama, wani lokaci ya tafi da yaro ɗaya zuwa ƙungiyar samarin birni. A zuwansa na baya ya dafa kafaɗar Ilu ya ce ya ƙara shekara, zai dawo dominsa. Babanmu ba ya son zancen, yana ganin maƙeri ba ya barin wuta don tsalle-tsalle, amma ya ce ya ba shi shekara ɗaya, in ba a ɗauke shi ba ya kama masaba ya manta. To a wannan rani ne manyan samarin Maƙera suka tafi ci-rani Najeriya, aka bar Ilu da ƙananan yara a gabansa. Ya kama abin da zai iya kamawa, amma gola ba ya cin ƙwallo. Suka zo na ƙarshe. Mu kuma a gulbi muka cinye kowa. Duk garin ya san abin da ke nan: in Maƙera ta sauka, mai babur zai zo ya tarar babu Ilu a filin da yake kallo.

Ranar Alhamis Inna ta aiko a kira ni. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Ilu ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, balle ta roƙar masa wani abu. Ta zuba mini fura, ta zauna tana kallona ina sha. Can ta ce, "An ce gobe da su wancan za ku yi." Na ce e. Ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Na ƙarasa furar na tashi. Da na koma Majema kuwa na tarar da Baba Ɗan'azumi ya tara mu a ƙofar gida, mutumin da ko kallon wasa bai taɓa zuwa ba, yana cewa tun da aka kafa dokar nan Majema ba ta taka filin lakwal ba, duk yaron da ya sassauta ƙafarsa gobe ya nemi gidan da zai ci tuwo. Yana faɗa yana kallona, don kowa ya san wanda ke tsaye a wancan gidan.

Wasan kansa ba na tuna shi duka. Na san mun danne su tun daga farko, kuma Ilu ya kama abin da bai kamata mutum ya kama ba, har mutanenmu suka fara tafa masa ba su sani ba. Rana ta yi sanyi babu wanda ya ci, Mushe Abdu yana ta duba agogo, in kuwa aka tashi haka na sama ne ke zama a sama. Sai ƙwallo ta zo mini, ni kaɗai, ba kowa tsakanina da shi. Na sha gaya wa kaina cewa ban yi tunani ba, ƙafa ce ta yi aikinta. Wataƙila haka ne. Amma ƙafar ba ta buga sama ba, ba ta buga dama ba, ƙasa-ƙasa ta buga ta gefen hagunsa. Na ga gwiwar ta ƙi, na ga yatsunsa sun shafi iska. Kafin in san inda nake an ɗaga ni sama, guɗa ta cika filin, Baba Ɗan'azumi yana kuka da hawaye kamar yaro. Daga kan kafaɗun mutane na hangi Ilu ya shiga cikin ƙayar shinge da kansa ya ɗauko ƙwallon. Da aka tashi, shi ya fara saɓar azarar da muka hauro da ita. Ya biyo ta gabana, ya sa hannu mai toka ya shafa kaina, ya ce, "Ka riƙe karatu, ƙane." Da mari ya ba ni da tuni na warke.

Bayan girbi mai babur ya zo. Ya zauna ya kalle mu, bai ga abin ɗauka ba, don gaskiya ni ba wani ɗan wasa ba ne, ƙwallon nan ɗaya ita ce duk abin da na taɓa yi. Da zai tafi na yi ƙarfin hali na riƙe masa babur, na ce yaron da ya yi wa alkawari yana nan cikin gulbi, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba. Ya ce shi ba ya sa babur ɗinsa a rairayi, in yaron na kirki ne zai hauro. Ya tayar ya tafi. Ilu bai hauro ba, shekararsa ta ƙare, ya kama masaba. Mu kuma da Juma'ar shuka ta zagayo aka lallasa mu muka koma gulbinmu.

Washegarin ranar da ya yi mini tambayar na ba injiniyan amsa, da Larabcin da nake da shi da hannuwa. Na ce in zafin wasa suke so, su kawo sauka, don ban taɓa ganin gari ya tashi tsaye kamar ranar ba, kuma ba don dokar ba da Majema ta mutu ana ce mata mai wari ba ta taɓa taka ƙasa mai tauri ba. Amma na ce kafin su saukar da kowa su je su duba inda za a sauka. Ya ce ai nan matsalar take, ƙananan ƙungiyoyinsu filayensu ƙanana ne, 'yan wasan da yawa suna da wani aikin da suke ci da shi, garuruwan kuma nesa da juna sai a jirgi, wanda ya faɗa zai yi wuya ya tashi. Na ce to gulbi ne ke nan, kuma masu babur ba sa shiga. Ya ce bai gane ba. Mudir, shugaban siton, ya leƙo yana yalla yalla a koma aiki, na hau motata.

Yanzu an ce gulbin duk lambun albasa ne, filin lakwal an gina azuzuwa a rabinsa, yara sun koma kallon na Turai a shago. Baba Ɗan'azumi da Inna da Gwaggo duk sun rasu. Ilu yana nan a maƙera, wuta ta rage masa gani, ni ina nan ina sabunta iƙama, takardar izinin zama, shekara bayan shekara. Mukan yi waya ranar Juma'a, mu yi zancen damina da ciwon baya, bai taɓa ɗauko maganar ba ko sau ɗaya. Juma'ar da ta wuce na kira, autansa ya ɗauka, yaro mai haukan ƙwallo, yana roƙona in aiko masa da riga mai lamba. Na ce in yana son ya iya, ya je ya tsaya gaban babansa, don garin nan bai taɓa yin gola kamarsa ba. Yaron ya fashe da dariya, ya ce, "Baba? Baffa, wane Baban? Baba ai ko kallo ba ya yi." Ina jin ƙarar masaba a bayansa, sai ta tsaya, can kuma ta ci gaba. Ashe har a gidansa na saukar da shi.