Ƙafafun Bayan Jaki

Wai ana ta yaɗawa a layinmu cewa Rediyo, 'yar kawuna, ta rikiɗe ta zama jaki, har wani ya rantse ya ga ana yankar tikiti don a kalle ta tana harbi. Ƙarya ce tsagwaronta. Rabin jaki kawai ta zama, shi ma rabin baya.

Tun tana 'yar mitsitsiya aka laƙaba mata Rediyo, don in ta kama waƙa ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa. Da ta samu shiga gidan wasan kwaikwayo irin wanda ake ba da labari da waƙa da rawa, Inna, mahaifiyarta, ta ɗinka sababbin kaya don ranar da za ta ga 'yarta a gaban fitilu. Darakta, wani siriri da suke kira Gilashi, ya saurari muryar, ya share hawaye, sannan ya miƙa mata ƙafafun bayan jaki, ya ce na wata uku ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Mutum biyu ke shiga rigar jakin. Na gaba a tsaye yake, yana leƙe ta raga, shi ke rera waƙar da yara suka haddace. Na baya a duƙe, hannu biyu a bel ɗin na gaba, ba abin da yake gani sai katako da dugadugan wani. Zafin ciki kuwa, ka shiga da ɗanyen ƙwai a aljihu ka fito da dafaffe. Rediyo ta koyi jin kiɗa ta tafin ƙafa, ta haddace kowace ƙusa a dandamalin, tana kaɗa wutsiya da igiyar da ta ciza a haƙori. Ga kuma dokar gidan: in an gama, na gaba ne kaɗai ke cire kai ya rusuna a tafa masa. Na baya ya ci gaba da zama gindi, wai kar a tsorata yara. Sau bakwai Inna tana zuwa tana tafa wa ƙafafu.

Bana gwiwoyin Dogo, na gaban, suka ce sun gaji. Har mai shara ya san kan jakin nan na Rediyo ne, da waƙarsa. Gilashi ya kira ta ofis, ya ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce duk duniya ba mai kaɗa wutsiya kamarta, asara ce a ɗaga ta daga nan. Kan kuma ya ba wata doguwa da ta zo sati uku da suka wuce.

“Wato don na iya ne aka hana ni?” in ji Rediyo.

Ya ce ta ɗauka yabo ne. Yabo! Baiwar Allah ta duƙa har bayanta ya manta miƙewa.

Ranar Asabar da rana Inna na layi na biyu, cikin kayan nan da suka riga suka koɗe. Doguwa ba ta san hanya ba, Rediyo ce ke tuƙa ta da bel, ja hagu, ja dama. Da ta so, ja ɗaya ya isa ta zuba ta kan makaɗa, kuma ta yi tunanin hakan, har sau biyu. Aka zo waƙar jaki, zafi ya riga ya shanye numfashin Doguwa, sai haki. Makaɗa suka zagayo, shiru. Suka sake zagayowa. Rediyo ta tofar da igiya, wutsiya ta faɗi, ta saki murya daga duƙen da take. Inna ta miƙe tsaye tana gaya wa duk zauren cewa wannan tata ce.

Da aka zo rusunawa Doguwa ta cire kai tana karɓar tafi. Rediyo ta laluba zif ɗin tsakiya ta ja, ta miƙe, ƙarar bayanta har wurin ajiye motoci aka ji. Jaki ya rabu biyu. Ko yaro ɗaya bai yi kuka ba.

Kwana uku Gilashi yana kumfar baki kan karya doka. Amma masu kallo sai tambayar mai muryar suke, Doguwa kuma ta rantse ba ta ƙara shiga tanderun nan. Ya miƙa wa Rediyo kan jakin kamar ana cire masa haƙori.

Na je yi mata barka, na same ta a ɗakin sa kaya tana taje kunnuwan jaki. Na ce shekara goma sha ɗaya daga wutsiya zuwa kai, in ta daure wasu goma sha ɗayan ƙila a ba ta wasan mutum. Na roƙa ta ɗan yi min kukan jaki in kai wa 'yan layi.

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Ni ƙarfe shida nake cire nawa kan jakin in rataye, taubashi. Kai yaushe za ka cire naka?”